Rigar da Na Ɗinka wa Injin Malam

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta riƙe alƙalami ba, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Ya gwiwar taki? Ina fata kin bar taurin kan hawa bene da kaya a hannu. Mu nan da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa ko babu shi.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Gidan nan ƙarami ne, Yaya, kuma ciwon Malam bai taɓa kunnensa ba. Duk abin da na faɗa miki a waya yana jinsa daga gado, shi ya sa ba ki jin komai a bakina sai godiyar Allah. A takarda ne kawai zan iya gaya miki yadda muke.

Ɓarin damansa ya shanye daga kafaɗa har ƙafa. Hannun yana nan a cinyarsa, inda na ajiye shi nan zan dawo in same shi. Magana tana fita, amma kalma ɗaya ce ko biyu, ita ma sai ya yi gumi. Mutumin da kike cewa ko rediyo sai ta saurara masa, yau shi ne ake jira ya haɗa kalmar ruwa. Tun da muka dawo daga asibiti ya juya fuska bango. Abinci sai na haɗa da magiya. Akwai likitar motsa jiki da ke zuwa gida, mace ce doguwa mai muryar soja, ni na sa mata Sajan. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ko yatsa ya ƙi ɗaga mata.

Rannan a bakin ƙofa ta tambaye ni abin da ya fi so a duniya. Na so in ce ni, amma kin san ba na ƙarya da rana tsaka. Na ce injinsa.

Kin tuna ɗan ɗakin da ke bayan kicin? Da ya yi ritaya, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a ofis, sai ya sayo injin sassaƙar ƙarfe ya dasa a ciki. Bai fi teburin guga tsawo ba. Yana riƙe sandar ƙarfe ya juya ta, wata 'yar wuƙa tana feƙe ta kamar fensir. Wuƙar tana kan wani ƙarfe ne mai zamewa gaba da baya a kan dogayen ƙarafa biyu masu santsi. Yara suka sa wa mai zamewar jirgin Baba, dogayen kuma layin dogo, sunan ya bi su har yau. Ba sana'a yake yi da shi ba, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Mariƙin tukunya, madannin ƙofa, ɗan ƙarfen da zare ke zama a kai a kekena, usur na jikoki. Sai ya wuni a kan abin da za a saya a kanti cikin minti ɗaya, ya fito yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Kullum yana cewa ran injin a layin dogon yake. Motar lantarkin da ke juya shi in ta ƙone a sake, bel in ya tsinke a sake, amma layin in ya samu rauni, duk abin da aka sassaƙa a karkace zai fito har abada.

Ni kuwa an hana ni shiga ɗakin tun ranar da na share masa wasu ƙananan kusoshi da na ɗauka shara ce. Ke ce dai kika laƙaba min Uwar Tsafta tun muna yara, to shi ma ya gano dalili. Ya sa kwaɗo, ya ce ɗaki ɗaya a gidan nan ya samu 'yanci daga tsintsiyata.

Kafin ya faɗi, ya daɗe yana fama da ɓarɓashin ƙarfen da ke zuba a kan layin yana shiga ƙarƙashin jirgin. Ya yanke shawarar a yi wa layin riga, mai ninki, wadda za ta miƙe in jirgin ya tafi, ta tattaru in ya dawo. Har ya yanka samfurinta da tsohuwar jarida ya kawo min. Na ce ya shiga layi kamar kowane mai kawo ɗinki. Layin bai zo kansa ba sai ga ciwo.

Da Sajan ta ji wannan, ta koma ciki ta tsaya a kansa ta ce ita ba ta yarda ya iya sassaƙa komai ba sai ta gani da idonta, kuma ɗakin ba zai taso ya zo wurinsa ba. Bai kula ta ba. Amma bayan ta tafi, na ga yana lalube ƙarƙashin matashi da hannun hagu. Ya zaro makullin ɗakin ya sa min a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin ya ce, "Riga." Ya huta, ya ƙara cewa, "Mai."

Na ce na ji. Ni zan ɗinka riga in riƙa sa mai, shi kuma ya tashi ya taka da ƙafarsa ya je ya gani. Washegari ya bar Sajan ta lanƙwasa masa gwiwa.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, babban likita ya tare ni a baranda ranar sallama ya ce kada in sa rai da hannun sosai. Na haɗiye wannan ni kaɗai, yana nan tsaye a ƙirjina. Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron na rataye ran mutum a jikin ƙarfe.

Ki gaida min kowa da kowa, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Uwar Tsafta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, na karanta ta har ta yi laushi a ninki. Na ji daɗin jin gwiwa ta lafa. Ki ce wa maigidan na gode da addu'a, kuma maganin da ya ba da shawara na tambayi Sajan, ta harare ni, sai na bar zancen.

Kin tambayi rigar inji, har da dariyarki a ƙasan layi, na gan ta. To an gama, amma ta ba ni wahalar da kayan amarya ba su taɓa ba ni ba.

Ranar da na buɗe ɗakin sai da na dafa bango. Rigarsa ta aiki tana rataye a ƙusa, tabaransa a kan tebur, akwai ma wani ɗan ƙarfe da bai gama ba a bakin injin. Komai yana jiransa kamar fita ya yi ya dawo. Na zauna a kujerarsa na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashi. Da na share ido kuma sai halina ya motsa, domin ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan a gidan da nake ciki ba. Ko'ina maiƙo, layin dogon nan har naso yake yi.

Na auna da tef ɗina, domin jaridarsa ta yage a gefe. Na sayo tamfol mai taushi ruwan toka. Ninkin ne ya so ya kunyata ni: in na yi shi manya, jirgin ba ya isa ƙarshe, in na yi ƙanana, ya ƙi tattaruwa. Allurai sun karye min, yatsana ya sha suka. A ƙarshe na sa 'yan tsinken roba a cikin kowane ninki na bi su da ɗinki, sannan na ɗinke maganaɗisu a bakin rigar don ta kama jikin ƙarfe ba sai an huda komai ba. Guda biyu ne, ɗaya hagun jirgin ɗaya damansa.

Ta farko da na ɗora, kafin in juya baya ta sha baƙin mai ta yi dabbare-dabbare. Kin san ni. Tun da nake ɗinki ban taɓa miƙa wa mutum kaya da tabon mai ba, ba kuma a kan mijina zan fara ba. Ai inji inji ne, ni ma da inji na tsufa. Kekena inda ke juyawa ake ɗiga wa mai, inda yadi ke kwanciya kuwa a goge shi tas. Na dafa ruwa, na zuba garin sabulu, na wanke layin nan da soso har sai da yatsa ke ƙara in na goga. Na shanya shi da tawul. Da kin ga yadda ya fito, Yaya, har fuskata na gani a ciki. Sannan na ɗiɗɗiga mai a duk inda ke juyawa, da haƙoran ƙarfen, da mariƙan da ake murɗawa.

Na sake yanka sabuwa. Wannan karon na yi mata shafi, wanda babu a samfurinsa, domin riga ba shafi ai ba riga ba ce. Na sa yadin auduga mai kauri, na cusa auduga a tsakani kamar bargon jariri, don kada tamfol ya goge masa santsin da yake ji da shi. Ta zauna ɗas. Na rufe tagar ɗakin gam, na toshe kafofinta da tsumma saboda ƙura, na mayar da kwaɗo.

Na ɗauki hoto a waya na kai masa. Ya daɗe yana kallo, yana matso da wayar kusa da ido. Sai rabin bakinsa ya ɗaga. Wannan ce dariyar farko tun da ya faɗi, kuma da na san tamfol ne zai kawo ta da tuni na ɗinke gidan duka.

Yanzu yana tsayuwa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya kai bakin gado, ya kai ƙofar ɗaki. Yana jan ƙafar dama kamar buhu, gumi har ƙasa, Sajan na bayansa tana ba da oda. Kowace safiya in na kawo shayi yakan ɗaga ido ya ce, "Mai?" In ce na sa. Ba ƙarya nake ba, ina shiga in ɗiga a mahaɗan, ba na ma taɓa rigar don kada ninkin ya ɓaci.

Ɗanki na wajena ya kira daga wurin aikinsa, wai akwai mai son injin, a sayar tun yana da daraja a ƙara a kan magani. Na ce ya bari sai na mutu ya sayar da mu duka. Ya yi fushi, ya kwana biyu bai kira ba. Yaro ne, yana ganin ƙarfe ne kawai a ɗakin.

Kada wannan labari ya sa ki ɗauka muna cikin daɗi. Masu kawo ɗinki sun watse, ba na ganin laifinsu, ba wanda zai jira telar da ke tashi daga kan keke kowane lokaci don ta juya majinyaci. Bayana ya riƙe saboda ɗaga shi. Damina ta sauka da ƙarfi, bangon kicin har gumi yake yi, shanya ba ta bushewa. Hannun nan kuwa ko motsi. Wani lokaci nakan shiga banɗaki in buɗe famfo don kada ya ji ni. Abu ɗaya ke riƙe da mu ni da shi, tafiyar nan daga gado zuwa bayan kicin.

A gaida yara. Ki rubuto, takardarki tana rage min dare.

Taki har kullum,
Uwar Tsafta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa.

Na kashe injin Malam.

Shekaranjiya ya kai bakin kicin. Sajan har tafi ta yi masa, ta ce in Allah ya yarda mako mai zuwa sai ɗakin inji. Da rana, yana barci, na ce bari in je in kakkaɓe wurin in gyara zaman rigar, don ya same ta yadda ya gan ta a hoto. Ɗakin na warin laima, ban kawo komai a raina ba. Na kama bakin rigar zan ɗaga, ta ƙi. Na ɗauka maganaɗisun ne. Na ja da ƙarfi, sai na ji yadi ya yage. Shafin ya tsaya manne da layin, jiƙe sharkaf, ya koma ja. Na ɓamɓare shi da farce. A ƙarƙashi babu santsi, babu ƙyalli, tsatsa ce daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har da sawun ɗinkina a kwance a jikin ƙarfen, layi bayan layi.

Audugar nan da na cusa don tausayi ita ta yi ta shan laimar damina tana riƙe ta a jikinsa. Tamfol ya hana iska shiga, ni kuma na toshe taga. Maiƙon da na kira ƙazanta ashe shi ne rigar layin ta gaskiya, na tuɓe masa ita da hannuna na sa masa tawa.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma tsoro ba ya shawara. Na ga samfefa a kan tebur, na ɗauka na hau gurza kamar gindin tukunya. Na gurza har kafaɗata ta mutu. Jan ya tafi, sai ga ƙananan ramuka birjik, kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda.

Na fita na kira Bakanike, abokin nan nasa mai gareji a ƙarshen titi, wanda suke raba hira a kan ƙarfe. Na shigo da shi ta ƙofar baya. Ya shafa layin da yatsa, ya tura jirgin gaba ya dawo da shi, na ji yana ƙara yana cijewa. Ya girgiza shi, jirgin ya yi motsin da ko ni na gani. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaya a hankali ko na sa samfefa. Na ce na sa. Ya sunkuyar da kai, ya ce tsatsar ta ci nata, samfefar ta kwashe saura, yanzu wani wurin ya fi wani tudu. Injin zai juya, zai ma yanka, amma irin aikin Malam, wanda abu ke shiga cikin abu ba tare da ko gashi ya ratsa ba, ya ƙare. Gyaransa sai babbar masana'anta, kuma ya fi sayen sabo tsada. Na ce to a nemo irinsa a musanya a ɓoye. Ya ce, "Mutumin da ya san injinsa da tafin hannu ba a yi masa haka."

Garin gyaran gira na rasa ido, Yaya. Kullum yana tambayata mai, kullum ina cewa na sa, ashe shi layin yake nufi, ni kuma ina can ina ɗiga wa haƙora. Da bakinsa na da lafiya da ya yi min bayani har na gaji. Kalma ɗaya Allah ya bar masa, ya ba ni ita, na auna ta da kekena.

Na yage shafin, na shafe layin da mai har yana ɗiga, na mayar da tamfol a kai. Ihu bayan hari. Daga waje ba abin da ya canza, tana nan kyakkyawa kamar a hoto.

Ga abin da ya fi ci min rai. Yau da safe Sajan ta ce ya ƙara taku, ƙafar ta fara ɗaguwa daga ƙasa. Watanni ina roƙon Allah ya ba shi wannan takun, yau ga shi ina ƙirga nisan da ya rage ina fatan ya daɗe. Wace irin mace ce ke jin tsoron warkewar mijinta? Na shiga kicin na tsaya ina kallon ƙofar ɗakin nan, na rasa abin da zan roƙa.

Ki ba ni shawara. In faɗa masa tun yana nesa, ko in bar shi ya isa? In na faɗa, ina tsoron ya zauna a inda yake. In na yi shiru, da ƙafarsa zai je ya tarar.

Kada ki gaya wa ɗanki.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da duk wanda ke tambayarmu. Allah ya saka miki da saurin amsa. Kin ce in faɗa masa, gaskiya ɗaci gare ta amma ba ta kisa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin yi gaskiya, na kuma yi niyya. Na zauna a bakin gadonsa da maganar a bakina ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga yana matsa ƙwallon robar da Sajan ta ba shi, yana kallon ƙofa. Sai in tambaye shi ko zai sha ruwa.

Ranar ta zo da hantsi. Ya sa na sa masa rigarsa mai kyau, fara, na taje masa gemu. Sajan na gefensa, ni ina baya da kujera. Ya ratsa kicin yana haki, ya tsaya ya huta a jikin firji, ya ci gaba. Shi ya karɓi makulli ya buɗe kwaɗon da hannun hagu, ya ƙi a taimaka masa. Da ƙofa ta buɗe ya ja numfashi mai tsawo, yana shaƙar warin ɗakinsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun muna sabon aure.

Muka zaunar da shi a gaban injin. Ya shafa tamfol ɗin, ya bi ninkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga maganaɗisun ya sake shi ya ji yadda ya kama. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin rigar.

Bai ɗaga ta ba. Hannun kawai nake gani yana tafiya a ƙarƙashi, a hankali, har ƙarshen layin, ya dawo. Ya kama mariƙin jirgin ya murɗa kaɗan, ya ji cijewar, ya bari. Sajan ba ta san komai ba, tana ta zuba, wai to ga ɗalibi ya iso makaranta, yaushe za a sassaƙa mata abin hannu. Ni kuwa ina tsaye riƙe da bayan kujera, ina jiran ya juyo.

Ya zaro hannun. Yatsunsa sun yi ja da mai da tsatsa. Ya kalle su, ya kalli tamfol ɗina mai tsafta, sai ya goge su a gaban farar rigarsa. Ya gyara bakin rigar injin inda ya ɗan karkace. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ɗinki ya yi kyau."

Ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun da ya faɗi. Sajan ta yi murna har ta rubuta a takardarta.

Bayan ta tafi na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, da sabulun, da audugar, da samfefar. Na ce ya zage ni, ya yi min duk abin da ya ga dama. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina ya bar shi a nan. Wallahi Yaya da mari ne da na fi samun sauƙi.

Washegari ya ƙi tashi. Ba fushi, ba juya fuska bango kamar da. Yana cin abin da na ba shi, yana gode min da ido. Amma in Sajan ta kawo ƙarfen dogarawa sai ya girgiza kai yana murmushi, kamar wanda aka yi wa tayin abinci bayan ya ƙoshi. Ta yi faɗa, ta yi barazanar daina zuwa, har na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce min ƙafar da ba a takawa komawa take yi, kuma ta fara komawa. Ƙwallon robar ta gangara ƙarƙashin gado, na ɗauko na sa masa a hannu, na dawo na same ta a kan tebur.

Na ce masa za mu sayi wani injin, ko kekena zan sayar. Bakanike ya zo ya zauna ya yi masa rantsuwa cewa ko a haka za a iya yin mariƙin tukunya da usur. Ya saurare shi da ladabi har ya gama. Ina ganin ba layin kaɗai ya shafa ba ranar nan. Ya zauna a gaban injin da hannu ɗaya, ya ga mariƙai biyu da ake murɗawa tare. Da layin na nan da santsinsa, wataƙila da ya ce bari in gwada. Ni na cire masa dalilin gwadawa.

Har yanzu kowace safiya ina shiga in shafa wa layin mai. Farcena ya yi baƙi, sabulu ba ya fitar da shi, na ma daina ƙoƙari. Ya daina tambayata ko na sa. Farar rigar nan ban wanke ta ba, tana rataye a bayan ƙofa da sawun yatsunsa.

Makon jiya ya yi min alama in kawo tef ɗina. Raina ya yi fari, na ɗauka wani sabon aiki ya zo masa. Ya nuna min da hannu, tsawo, faɗi, tsayi, har ƙasa. Na ce wace riga ce wannan kuma? Ya ce, "Duka." So yake in ɗinka wadda za ta rufe injin gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, ba ninki, ba wurin zura hannu.

Na sayo yadin, domin ban iya ce masa a'a ba. Na auna, na yanka. Aikin bai fi na yini ɗaya ba, miƙaƙƙen ɗinki ne da ko 'yar koyo za ta yi. Yana nan ninke a kan kekena. Na san ranar da na ɗora shi, makullin zai koma ƙarƙashin matashi, ba kuma zai sake fitowa ba.

Yanzu tambayarsa ta safe ta canza. In na kawo shayi sai ya ce, "Kin gama?" Na ce allura ta karye. Na ce zare ya ƙare. Na ce bel ɗin keke ya saki, na ce idona na ciwo, na ce yadin ya gaza sai na ƙaro. Yana jin kowanne ya gyaɗa kai, ya san ƙarya nake, ni ma na san ya sani. Ya fi ni haƙuri, kullum haka yake.

Yaya, ki zo in gwiwa za ta bar ki. In ba za ki iya ba, ki aiko min da wani uzurin a takardarki ta gaba. Nawa sun ƙare, gobe kuma zai tambaya.

Ki gaida gida.

Ni ce,
Ƙanwarki